Kwaɗo a Tankin Amariya

Litinin, bayan sallar asuba. Gummi, daminar 2008.

Allurar mai ta sake sauka.

Jiya da magariba na ajiye Amariya a ƙofar gida allura na kan rabi, da idona na gani. Yau na murza makulli ta tsaya ƙasa da rabi da kamar kaurin yatsa. Kwaɗo na nan a murfin tanki yadda na kulle shi. Mabuɗinsa na aljihun 'yar cikina, kuma da ita na kwana.

Amariya jif ɗina ce, kada wani ya tsinci takardun nan ya je yana cewa Alhaji Nababa na sa wa mata kwaɗo. Tsohuwa ce tuƙuf, ta girmi aurena, amma in damina ta kankama babu mai kai shinkafa da bandar kifi daga Gummi zuwa Gwashi sai ita. Lirwanu ne ya raɗa mata sunan, wai kullum sai an yi mata hidima kuma ba ta godiya.

Na ce ba zan rubuta sunansa ba. To ga shi tun shafin farko.

Litinin, bayan la'asar.

Ni na tuƙa har Bukkuyum na dawo. Kafaɗuna kamar na yini ina sussuka. Sitiyarin Amariya ba na ɗan kasuwa ba ne.

A tasha masu lodi suka tare ni: "Alhaji, ina bawan naka?" Na ce ya tafi hutu, ai yanzu har bayi hutu suke yi. Suka yi dariya, ni ma na yi, har da tafa hannu. Mutumin da ya taɓa sayar da jiƙaƙƙiyar albasa a kasuwar Anka da sunan busasshiya, dariya ba ta gagararsa.

Lirwanu ɗan Goggo Habsu ne, ƙanwar mahaifina. Taubashina ke nan. Tun muna wanka tsirara a gulbi nake ce masa bawa yana ce mini ɓarawon awo, babu wanda ya taɓa jin zafi, don haka muka taso muka ga ana yi. Shi ke ja mini Amariya tun ranar da na saye ta.

Talata, da hantsi.

Na kwana da kwali a shimfiɗe ƙarƙashin tanki ko yoyo take. Kwali busasshe ƙayau, sai kashin kaji. Na kwanta a ƙasa na bi bututun mai da yatsa daga tanki har inji ina sunsunawa. Babu ko ɗigo.

Sahura, matata, ta leƙo daga zaure.

"Alhaji, mi kaka tono ƙarƙashin mota awa kaza?"

"Aikin maza na."

"Ɓarawon ya tahi, man kuma bai bar tahiya ba?"

Na ƙara shigewa ƙarƙashin motar. Mace in ta sami inda za ta sa yatsa sai ta sa hannu duka.

Na je wurin Bature ɗan bumburutu na sha man hanya, na ƙara rabin galan a madadin wanda ya ɓace, kamar yadda nake yi kullum tun da abin ya fara.

Laraba, da asuba.

Ta sauka.

Laraba, bayan azahar.

Bari in rubuta yadda aka yi, in karanta in ga ko akwai inda na kauce. Na san babu.

Tun da albasata ta ruɓe a bakin gulbi farkon damina raina ba ya nan daidai. Komai na taɓa sai in ga kamar ana cuta ta. Ana cikin haka allura ta fara wannan hali: a ajiye mota da yamma tana wuri kaza, da safe ta yi ƙasa. Wuyan tankin kuwa lanƙwasasshe ne, sanda ba ta shiga balle a auna. Wa ke ajiye motar? Lirwanu. Wa ke zuba mai? Lirwanu.

Na tambaye shi. Ya ce, "Da hura nish shanye shi." Washegari na sake tambaya. Ya ce, "Na kai ma budurwata, turare taka yi da shi." Na ce da gaske nake. Ya ce shi ma da gaske yake, in na je bikin zan ji ƙamshi.

Rannan a tasha gaban kowa na ce masa ɓarawon mai. Aka bushe da dariya. Shi har da riƙe ciki, yana cewa wanda ya saci na ɓarawon awo ai aikin lada ya yi. To ka ji. Maganar taubashi ba ta kama jiki. Duk abin da na jefa masa sai ya cafe ya mayar da shi wasa, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce bai ɗauka ba. Ni kuwa a kasuwa na girma, wanda bai musa ba ya amsa.

Sai na je wurin mai walda ya liƙa wa murfin tanki kunne, na sayo kwaɗo.

Da safe ya zo da jarka da mazurari zai zuba mai, yana 'yar waƙarsa. Ya kai hannu ga murfi ya ga kwaɗo. Ya tsaya yana kallonsa. Ina jira ya ce wani abu in rama. Ya ajiye jarkar, ya ɗora mazurarin a kan bonet, ya goge hannunsa da ƙyalle sosai kamar zai ci tuwo. Ya ciro makullin mota ya ajiye a kujera.

"Alhaji, ga makullinka."

Bai taɓa ce mini Alhaji ba. Ko ranar da na sauka daga Makka alhajin jabu ya ce.

Ban kore shi ba. Wannan a rubuta: ban kore shi ba.

Alhamis, da yamma.

Na canza fiyus. Na ƙwanƙwasa gilashin agogon man da yatsa har ya yi mini ciwo. Allura ta ɗan karkaɗa ta koma inda take.

Dija matar Lirwanu ta shigo wurin Sahura. Ta katanga na ji su. Ya bi masu haƙar zinari can wajen Sunke. Mutumin da ke tari tun yana yaro, in an yi shara kusa da shi sai ya fita, shi ne zai shiga rami.

Da za ta fita ta durƙusa ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da tambayar kasuwa. Da can in ta gan ni cewa take yi, "Ga mai gidan bashi nan."

Wataƙila Lirwanu yana da wani mabuɗin kwaɗon. To daga Sunke?

Asabar, bayan la'asar. Gwashi.

Na sauke shinkafa. Ba yadda za a yi in shigo Gwashi ban gaida Goggo Habsu ba, duk garin sun ji ƙarar Amariya.

Na shirya amsoshi tun daga hanya, kala-kala, kamar zan shiga ciniki. Ba ta tambayi ko ɗaya ba. Ta dama mini fura da kanta, ta sa nono mai yawa yadda nake so, ta zauna tana kallona ina sha.

"Ina Amariya? Lahiya take?"

"Lahiya lau, Goggo. Tana dai ɗan shan mai."

"To. Allah shi sa a gano mai sha."

Da zan tafi ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji. "In ka bi ta Anka ka ba wani shi kai ma Lirwanu."

Wani, ta ce.

Lahadi, da safe.

Kwata. Na zuba galan biyu, da ƙyar ta ɗaga kai.

Litinin, da azahar. Anka.

Na kai Amariya wurin Tasi'u mai wayarin. Ya ɗaga kujerar direba, don tankin Amariya a ƙarƙashinta yake. Ya zare wayar da ke saman tanki ya taɓa ta da ƙarfen mota, ya ce in duba. Allura ta yi tsalle ta kai ƙarshe kamar an tsikare ta.

"Ka gani? Agogo lahiya lau, waya lahiya lau. Abin da yar rage cikin tanki shike. Akwai wani ƙwallo ciki da ka iyo bisa mai, fulota muka ce mai. In ya yi sama allura ta yi sama, in ya yi ƙasa ta bi shi. In ya lalace kuwa sai allura ta hwaɗi abin da tag ga dama. In buɗe?"

Na ce, "In ya lalace ai sama take nunawa, ko?"

"Ko sama ko ƙasa, Alhaji."

"Amma galibi sama."

"Ko ƙasa. In buɗe?"

Na ce ba yau ba, kaya na jirana. Babu kayan da ke jirana. Na fito ina gaya wa kaina yaran yanzu ba su san tsohuwar mota ba. Tasi'u kuwa har furfura gare shi.

Litinin, dab da magariba.

Na gan shi.

Wurin masu sayar da igiya yake tsaye yana taya wata. Jar ƙasa har cikin gashin idonsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ƙullin Goggo na hannuna ina neman wanda zan ba, sai ga mai shi.

Na ɗaga murya yadda muka saba: "Kai bawa! Wa yab ba ka izinin shigowa kasuwa ba ubangidanka?"

Masu rumfa suka waigo suna murmushi, suna jiran ramuwa, don duk Anka an san mu. Ya juyo. Ya taɓa hula kamar zai cire, ya rage tsawo kamar ya ga hakimi.

"Ranka shi daɗe, Alhaji. An wuni lahiya? Ina gida? Ina Amariya?"

"Haba Lirwanu."

"Allah shi huci zuciyar Alhaji."

Na miƙa masa ƙullin. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ya biya igiyarsa bai sake tayawa ba, shi da ke iya yini a kan naira biyar, ya tafi yana tari.

An zage ni a kasuwanni da yawa, har da Yarbanci. Ban taɓa jin wanda ya kai wannan gaisuwa ba.

Laraba, da asuba.

Ƙasa da kwata. Ta kusa jan layi.

Alhamis, da hantsi.

Bature ya kafa mazurari ya fara tuttula galan. Bai kai rabi ba na ji tankin ya yi wani gurnani, sai ga mai ya taso ta wuya, ya gangaro gefen mota ya jiƙa mini takalma.

"Alhaji, ta cika hwa!"

"Ta cika ina? Je ka duba allura."

Ya leƙa. Ya dawo ya sake tuttulawa kaɗan. Ya sake malalowa. 'Yan acaba da ke jiran layi suka taso, wannan ya leƙa agogo, ya zagayo ya leƙa wuyan tanki, ya kira wancan.

"Wallahi tun da nika saida maka mai ban taɓa ganin tankin ga cike ba," in ji Bature. "Allura na kukan yunwa, ciki kuwa taf. Alhaji, ashe ajiya kaka yi!"

Suka yi dariya. Na nemi tawa ban same ta ba.

Duk rabin galan da nake ƙarawa kullum a madadin na sata yana nan. Babu inda ya je. A ƙarƙashin kujera yake taruwa. Shi ya zauna a kansa yana tuƙi ina ce masa ɓarawo, ni na zauna a kansa na je Gwashi na sha furar uwarsa.

Na biya Bature. Na mayar da murfi na danna kwaɗo. Hannuna ne ya danna, saboda idon mutane. In na cire shi a nan, kafin azahar duk tasha ta san dalili.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Na buɗe da kaina. Na ɗaga kujera, na kwance kusoshin faifan da ke saman tanki, na zaro abin a hankali. Wani siririn ƙarfe ne, a ƙarshensa ƙwallon tagulla kamar ƙwan agwagwa. Na ɗauke shi na ji nauyi. Na kaɗa a kunnena, sai ƙwacal-ƙwacal.

Mai ne a cikinsa. Na juya shi a rana na ga tsaga a wurin haɗi, siririya kamar gashi. Da rana ya yi zafi, da sanyin dare ya tsotsi mai ta nan, ya ƙara nauyi, ya ƙara nutsewa. Kullum kaɗan. Allura kuma tana biye da shi, ni ina biye da allura.

Na toshe wurin da faifan kawai na shiga gida. Sahura ta karɓa ta kaɗa a kunnenta. Na ɗauka za ta yi mini dariya, na ma shirya mata. Ta miƙo mini.

"To ga ɓarawonka. Yaushe za ka Sunke?"

"Gobe."

Asabar, da yamma.

Ban je ba. Shinkafar mutane na mota, sai da na kai Bukkuyum.

Gaskiya shinkafar na iya kwana. Duk hanya ina gwada maganar da zan yi masa, ina yi ina sakewa kamar mai koyon karatu. "Yi haƙuri." Ban taɓa ce masa haka ba. Na taɓa fasa masa kai da dutse muna yara, haƙurin da na ba shi shi ne na ce kan bawa ba ya tsada, ya yi dariya jini na zuba. Bakin da na saba yi masa magana da shi na zagi ne. Ɗayan, na ba da haƙuri, a kasuwa nake amfani da shi in zan cuci mutum, kuma ya san sautinsa sarai.

Gobe dai.

Lahadi, da safe.

An kwana ana ruwa. Hanyar Sunke ba ta biyuwa yau. Gobe.

Litinin, da hantsi.

Wani ɗan acaba ya zo daga Anka yana tambayar gidan Dija.

Litinin, bayan la'asar. Asibiti, Anka.

Ni na kawo ta. Yadda na fito daga wanka na zura riga haka na taho. Ba ta yi kuka a hanya ba, salati kawai take, in mun faɗa rami ta ƙara murya.

Gefen ramin ne ya rufto wa Lirwanu. Ruwan shekaranjiya ya jiƙa shi. Da hannu abokan aikinsa suka tono shi. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, kuma numfashinsa yana wata ƙara da ba na so.

Ya buɗe ido ya ga Dija, ya ga ni.

"Sannu da zuwa, Alhaji. An wahalshe ka."

Talata, da azahar.

Dija ta fita neman ruwan zafi. Fulotan na cikin mota tun Juma'a, na ɗauko shi a aljihu. Na sa masa a tafin hannu na ce kaɗa ka ji.

Ya kai kunne ya kaɗa.

Na yi masa bayani. Na yi bayanin tsagar, da zafin rana, da sanyin dare, da yadda mai ya malalo wurin Bature, da abin da Tasi'u ya ce. Na yi ta zuba kamar mai tallar magani, har majinyacin gadon kusa ya juyo yana saurare. Duk na faɗa ban da guda ɗaya.

Idonsa a rufe. Can ya ce, "Ashe."

Na jira.

"Allah shi kyauta, Alhaji."

Na ce, "Lirwanu, zage ni."

"Subhanallahi. In zagi Alhaji?"

"Don Allah."

Ya juya fuskarsa bango. Amma bai maido mini fulotan ba. Da Dija ta dawo za ta gyara masa shimfiɗa na ga ya tura shi ƙarƙashin matashi.

Laraba, da hantsi.

Tasi'u ya samo fulota na kwance daga wata matacciyar jif a bayan garejinsa. Ya ɗaura, ya ɗan lanƙwasa ƙarfen, ya gwada sama ya gwada ƙasa, allura na bi tiryan-tiryan. Ya ce yanzu duk abin da ta ce haka ne. Kwata ta ce. Bai tambaye ni komai ba, kuɗin aikin ma sai da na tura masa a aljihu.

Laraba, bayan la'asar.

Likita ya ja ni gefe. Abin da ya ce ba zan rubuta ba. Na ce Gusau. Na ce Sakkwato. Na ce ko Amariya ce in sayar. Ya bar ni na gama cinikina, sannan ya ce in akwai inda majinyacin ke son zuwa a kai shi tun yana iya faɗa.

Dija ta tambaye shi. Ya ce wurin Inna, wato Goggo Habsu.

Alhamis, bayan magariba. Gwashi.

Bari in rubuta wannan tun ban manta ko kalma ɗaya ba.

Mun cire kujerun baya mun shimfiɗa katifa. Dija ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Na tuƙa Amariya yau kamar ina ɗauke da ƙwai, duk ramin da na gani sai na tsaya na nemi izininsa.

Kafin Bukkuyum allura ta taɓa ja. Yanzu da ta gyaru ba ni da bakin ƙaryata ta, kuma daga Bukkuyum zuwa Gwashi laka ce, laka kuwa mai take ci. Na tsaya wurin 'yan bumburutu a bakin tasha na ce a zuba. Mai man ya zo da mazurari ya tsaya yana kallona. Kwaɗo.

Na laluba aljihu. Na laluba ɗayan. Mabuɗin na cikin 'yar cikin da na bari a ƙusa a Gummi ranar Litinin.

Na ɗauko sifanar taya na sa a kunnen kwaɗon na danna. Ya ƙi. Mai kyau na saya, sai da na zaɓa. Na buga, ya ƙi. Na cire babbar riga na yar a ƙasa, na dafa ƙafa a jikin mota ina ja ina nishi, hulata ta faɗi cikin kwata. Mutane suka fara taruwa, masu goro, masu lodi, 'yan acaba, kowa na ba da shawara. Wani baƙo ya ce, "Malam, motar taka ta kuwa?"

Sai na ji murya daga bayan mota, ƙasa-ƙasa, tana fita da ƙyar.

"Jama'a... ku kama shi. Ɓarawon mai na."

Kowa ya juyo kaina. Baƙon har ya matso.

"Na san shi... tun yana satar awo. Ku duba... da rana tsaka."

Dija ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ba ce ko ɗayan. Wani mai lodi da ya san mu ya fashe da dariya ya ce taubasai ne, ku rabu da su. Sai tasha ta ɗauka.

Ni kuwa na tsaya, sifana na hannuna. Ya kamata in rama, haka ake yi, yana jira. Na leƙa ta taga. Idonsa a buɗe, yana kallona kamar da.

Na ce, "Yi mini shiru, bawa. Wa yas sa da kai?"

"Alhajin jabu," ya ce. Tari ya kama shi, ya daɗe yana yi, amma bakinsa a washe.

Na koma na buga wa kwaɗon sau ɗaya, kunnen waldar ya ɓalle gaba ɗaya. Wani ya tsince shi ya miƙo mini. Na ce ya riƙe.

Daga nan har Gwashi bai bar ni na huta ba. In ya sami numfashi sai ya kashe shi a kaina. Wai giya nake sawa kamar ina dama kunu. Wai ko jaki aka ba ni sai na kafe shi a laka. Ina ramawa, ina share fuska da hannun riga ina cewa gumi ne.

Goggo Habsu na tsaye a ƙofar gida tun kafin mu kashe mota.

Juma'a, da yamma.

Ya sha kunu cokali kaɗan. Ya ce in matsa, warin fetur nake, kada Inna ta ɗauka shi ne. Ban koma Gummi ba.

Asabar, da azahar.

Yau bai zage ni ba. Barci yake yi.

Lahadi.

Bayan azahar aka yi rasuwar. A Amariya muka kai shi makwancinsa, don ruwa ya cinye hanyar.

Litinin, bayan sallar asuba. Gummi.

An yi sadakar bakwai, an share makoki, na dawo. Sahura ta ce kada in fita yau. Na ce kayan mutane na jira, wannan karon da gaske.

Jiya da zan baro Gwashi Dija ta aiko a kira ni bakin ƙofar ɗakin da take takaba. Ta miƙo hannu ta bayan labule. Fulotan ne, an naɗe shi a ƙyallen da yake goge hannu.

"Yac ce in maido maka. Wai man da yas sha na. Wai ka auna, kak ka ce ya rage."

Na sa shi a aljihu. In ina tafiya ina jin ƙwacal-ƙwacal.

Murfin tanki yanzu da roba na ɗaure shi. Bature ya ce akwai mai walda kusa in ina son a mayar da kunnen. Na ce a bari.

A tasha jiya ba wanda ya ce ina bawanka. Gaisuwa suka yi ta yi mini, cikakkiya, har da rage tsawo.

Da magariba na ajiye Amariya allura na kan rabi. Yanzu na murza makulli. Rabi. Na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ko za ta ɗan sauka.

Ba ta motsa ba.